Uwar Kullu

Ƙaurin waina ne ya fara isa hancin Hajjo. Ta duba tandarta gurbi-gurbi, babu wadda ta ƙone. Da ta ɗaga kai sai ta ga daga rumfar Balkissa hayaƙin ke tashi. Mutum huɗu na tsaye da kwanukansu suna jira, ita kuwa mai rumfar ta riƙe cokalin juyi a sama tana kallon tanda kamar yau ta fara ganinta.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan suna suya a 'Yar Darbejiya, ƙaramar kasuwar abincin nan ta cikin unguwar Kabalaye, taku biyar tsakanin murhu da murhu, Hajjo ba ta taɓa jin wainar Balkissa ta ƙone ba. Ko sau ɗaya. To, a faɗi gaskiya komai ɗacinta: abin da ya fara sauka a zuciyar Hajjo daɗi ne. Har leɓenta ya motsa zai yar da magana. Sai cokalin ya faɗi, Balkissa ta bi shi a hankali, ta kwanta gefe ɗaya a kan buhun gawayi.

Idi mai nama ya yar da wuƙa ya tsallako teburinsa. Aka hau salati, aka yayyafa mata ruwa, wani ya tare taksi a bakin titi. Hajjo ce ta ɗaura mata ɗankwalin da ya zame, ita ce kuma ta sauke tandar ta rufe garwashin da toka, don a duniya ba ta iya kallon wuta na cin mai a banza. Kafin a rufe ƙofar mota Balkissa ta buɗe ido ta ce a kai mata tukunyarta gida, a sa a inuwa. Ba 'yarta ta ambata ba, ba ɗanta ba. Tukunya.

Hajjo ta san tukunyar, ta ma fi kowa sanin abin da ke cikinta.

Wanda bai san suya ba zai ɗauka waina shinkafa ce da mai. Ina! Ran abin yana cikin uwar kullu, wato ɗan tsohon kullu mai tsami da ake ragewa a gindin tukunya, a juye shi cikin sabon markaɗe da yamma, ya kwana yana tayar da shi. Kullum sai an ciyar da ita. In aka yi sakaci da ita kwana uku huɗu cikin zafin garin nan, ta mutu ke nan, sai ɗoyi. Ta gidan su Hajjo kuwa ba ta jiya ba ce. Kakarta A'isha Humaira ce ta taso da ita daga ƙasar Haɗeja a cikin gora, lokacin da suka kama hanyar Makka da ƙafa ita da mijinta. Duk zangon da aka sauka sai ta soya ta sayar, da gero ko da shinkafa, abin da ya samu, ta ciyar da gorar, a ƙara gaba. A nan garin ciwo ya kwantar da mijin. Aka ce a jira ya ji sauƙi, aka yi ta jira har aka haifi 'ya'ya da jikoki. Makka dai ba ta samu ba, amma Humaira ce ta fara kafa murhu a gindin darbejiyar nan, mai nama ya zo ya raɓe ta, mai shayi ya biyo, masu miya da tuwo suka jera rumfuna, kasuwa ta taru a kanta.

Balkissa fa baƙuwa ce. Amarya aka kawo wa Oumarou mai fataucin albasa daga Damagaram, 'yar siririya, ko Larabcin ciniki ba ta ji, in mai saye ya ce mata "bekam", wato nawa ne, maimakon ta faɗi farashi sai ta yi murmushi. Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Hajjo ce ta ji tausayinta ta koya mata jiƙo da markaɗe da zubin kanwa, ta matsa mata wuri a kasuwa, ta ɗebo mata uwar kullu a wani ɗan farin kwano na mahaifiyarta mai ɗigon jan fenti uku a gindi. Kwanon ma bai dawo ba. Hajjo ba ta manta ba, don ba ta cikin masu mantuwa.

Cikin shekara biyu layi ya koma rumfar Balkissa. Shinkafa ɗaya suke saye a babbar kasuwa ta Grand Marché, inji ɗaya ke markaɗa musu, uwar kullu ɗaya, amma wai ta Balkissa ta fi laushi, wai tana narkewa a baki. Hannu ne, in ji mutane. Wane irin hannu? Hajjo ta ce washe baki ne kawai, kowa "ɗana", kowa "ɗiyata", ga gyara kamar ba da kuɗi ta sayi shinkafar ba. Ta leƙa ta katanga, ta kasa kunne, ta lura da yadda take bugun kullu, ba ta ga wani abin da ita ba ta yi ba. Har 'yar cikinta Murja ta taɓa kamawa a bayan teburin Idi tana cin ta Balkissa a ɓoye, yarinyar ta sha dukan da har yau, da 'ya'yanta huɗu, tana ba da labarinsa. Ga kuma suna. Mutanen Nijar masa suke cewa, sai ga unguwar da Humaira ta koya wa cin waina ta koma neman "masar Balkissa". Daga baya ɗan Balkissa ya biya mata Makka, ta hau jirgi da hantsi ta yi la'asar a can, tafiyar da ta gagari Humaira da 'yarta da jikarta. Hajjo ta je barka, ta sha zamzam, ta karɓi dabino da carbi, ta dawo gida ta kwana biyu da ciwon kai.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babban abin shi ne wanda ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Shekarar da faɗa ya shigo gari aka yi ta tsallaka gada zuwa Kusiri, garin da ke hayin kogi, kowa ya ɗauki abin da ya fi ƙauna. Hajjo ta ɗauki akwatin zannuwanta. A tsakiyar gada, cikin turmutsitsi, sai ga Balkissa da tukunyar kullu a ka, an ɗaure bakinta da tsumma, farin ruwa na bin wuyanta. Hajjo ta tuntsire da dariya, ta ce da ƙarfi yadda duk matan unguwa za su ji, jama'a na gudun ceton rai, 'yar Damagaram na gudun ceton tsami. Aka kwashe da dariya, dama an kwana biyu ba a yi ba. Balkissa ma ta yi murmushi. Kwana tara suka yi a can, tana suya a bakin hanya tana ciyar da tukunyarta. Da aka dawo Hajjo ta buɗe tata, baƙi ƙirin, tsutsa na yawo a ciki. Ta wanke ta da sassafe kafin kowa ya fito.

Abin da ya kamata ta yi a fili yake: ta miƙa kwano ta kan katanga. Haka mata ke yi tun kaka da kakanni. Uwar kullu kamar garwashi ce, ba a sayar da ita, ba a kuma hana ta. Amma da wane bakin za ta roƙa? Da wanda ya yi dariya a kan gada? Ta gwada tayar da sabuwa har sau uku, ta fito da wani tsami mai yankan harshe. Sai ta hau mota ta tafi wani kanti can unguwar Abena inda ba a san ta ba, ta sayo yis na leda, wanda yaran yanzu ke ce wa lebir. Shekara goma sha bakwai ke nan tana ɓoye shi a gwangwanin shayi. Wainarta na tashi, ba laifi, fara sol, amma lami, in ka haɗiye ka manta ka ci. Kowace safiya kuwa iska na kawo mata ƙanshin ɗakin mahaifiyarta daga rumfar wata mata.

Ran Litinin Balkissa ta faɗi, ran Laraba aka sallamo ta daga asibiti, kuma ba sallamar warkewa ba ce. Zuciya ce ta gaji, in ji likita. 'Yarta Zeinabou, wadda ke aikin ofis tana aure a Abena, ta ɗauki hutu ta tare a gidan.

A kasuwa kuwa abin da Hajjo ta shekara arba'in tana mafarki ya tabbata, layi ya dawo gabanta. Kafin hantsi kullunta ya ƙare. Sai dai duk wanda ya miƙo kwano, fuskarsa na kallon rumfar da babu kowa, tambayarsa ɗaya, yaya jikin mai masa. Hajjo ta amsa da sauƙi har bakinta ya gaji. Ita da ke zaune a gabansu tana zufa, ba wanda ya ce mata yaya hayaƙi.

Ran Alhamis da safe wata mota ta tsaya, wani mutum mai furfura tsilli-tsilli ya fito riƙe da hannun 'yarsa. Hajjo ta gane shi tun daga tafiya, Junaid ne ɗan Malam Yunusu, wanda ya tafi karatu Faransa ya zauna can. Yawo ya yi ta yi da yarinyar cikin kasuwar yana nuna mata. Nan mahaifinsa ke zaunar da shi a kan benci bayan sallar asuba. Nan reshen darbejiya ya taɓa karyewa da shi. Wancan teburin na uban Idi ne, nan mai shayi ke wanke kofuna. Idonsa har ya yi ja. Ya ce duk duniyar da ya zaga bai sami inda ke ƙanshin wurin nan ba, kuma tun yarinyar na goye yake mata alkawarin masar Balkissa. Sai suka iso rumfar suka tarar da murhu a sanyaye.

Da aka faɗa masa, sai ya juyo ya durƙusa ya gai da Hajjo, ya ce a zuba musu. Ta zaɓo masa waɗanda suka fi kyau, masu jan baki, ta barbaɗa ƙuli da yaji da hannunta. Ya gutsura ya tauna a hankali. Ya ce sannu Inna, ta yi daɗi. Sannan ya sunkuya ya ce wa 'yarsa da Faransanci, ƙasa-ƙasa, ba wannan ba ce. Ya manta wadda ta shekara arba'in a kasuwa ba yaren da ba ta tsinta.

Hajjo ta ajiye cokalin juyi.

"Junaidu," ta ce, "wainar da kake nema ɗin nan, ta gidanmu ce. Kakata ce ta zo da ita garin nan."

"Haka ne, Inna," in ji shi, da irin muryar da ake lallashin tsofaffi.

Ya bar biyu da rabi a faranti. Hajjo ta juye wa akuyar Idi.

Da la'asar ta yafa mayafi ta shiga gidan. Ta je gaisuwa tun ranar da aka dawo da ita, amma daga bakin ƙofa, cikin mata. Yau ɗakin ba kowa sai mai jinya. Balkissa na kwance a gadon ƙarfe, ta ƙanƙance, fanka a tsaye don babu wuta, Zeinabou na yi mata fifita da murfin kwali. Ga kwanukan jere a kabad, ga hoton Ka'aba a bango. Can lungu kuma ga tukunyar, an naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu an rufe da faifai. Hajjo ba ta kalle ta ba, hancinta ne ya kalla. Tsamin ya fara kaifi, alamar yunwa.

Balkissa ta aiki 'yarta ta jiƙo wa baƙuwa zoɓo. Da Zeinabou ta fita, sai ta yi ta numfashi tana tara ƙarfi.

"Yaya Hajjo, tukunyar nan yunwa take ji. Jiya da kyar na ba ta ɗan gari. Zeinabou ba ta iya ba, toshe hanci take yi."

"Yaran yanzu ke nan," in ji Hajjo.

"Ki ɗauke ta. Ta gidanku ce dama."

Hajjo ta dubi lungun. Wallahi har tafin hannunta ya ji sanyin tukunyar. Taku uku ne, ta sunkuya ta ɗauka, ta rufa da mayafi, shi ke nan, Humaira ta koma gida. Amma kafin ta motsa, shaiɗan ya riga ta. Ya nuna mata kasuwa gobe. Wainarta ta gyaru, mutane na lumshe ido, Idi na shelar cewa Balkissa ta bar wa Hajjo gado, Allah ya saka wa Balkissa, masar Balkissa ta dawo a hannun maƙwabciya. Wato da kayan kakarta za a ba ta sadaka, kuma ta yi godiya. Ta dubi idon mai ciwon tana neman dariyar gada, ko za a rama yau. Ba ta ga komai ba sai gajiya, wannan ma ya ƙara ba ta haushi.

"In kai ta ina? Ni da nake da tawa," ta ce. "Ki dai warke ki ci gaba da abinki."

Balkissa ta daɗe tana kallonta.

"To, Yaya," ta ce, ta mayar da fuska bango.

Hajjo ta sha zoɓon, ta yi addu'a, ta fita. Tun kafin ta kai zaure ta fara nadama, amma irin nadamar masu girman kai, wadda ke neman hanyar bayan gida. Ta shirya dabara: gobe Juma'a za ta koma ta ce ta zo ta ciyar mata da tukunya, taimako kawai, a nan sai ta lakato cokali guda a gefen zane. Juma'a ta zo, ta shiga da yamma, ta tarar ɗakin cike da mata 'yan dubiya har bakin ƙofa, dangin Oumarou sun iso daga Nijar. Ta gaisa a tsaye ta fito. Ta ce gobe, ai gobe ma rana ce.

Asabar da sassafe, tana ɗaure kayan kasuwa, kuka ya tsallako katanga.

Ita ce babba a maƙwabta, ita aka kira wanka. Ta shiga ita da wata ƙanwar Oumarou, aka kawo ruwan magarya da turare, aka ja labule. Hajjo ta yi aikinta yadda aka koya mata, dama kafin hagu, ba gaggawa. Da ta zo kan hannun sai ta tsaya. Ta juya shi, ta buɗe tafin. Wannan ne hannun da aka shekara arba'in ana yabo. Hannu ne kawai irin nata, yatsu sun kanta, ga tabon mai ɗigo-ɗigo har gwiwar hannu, ga ƙunar gefen tanda a daidai inda ita ma take da ita. Ta wanke shi a hankali ta miƙar.

Maza suka ɗauka suka fita da ita. Hajjo ta fito tsakar gida tana share hannu da gefen zane, idonta ya sauka a gindin katanga. Tukunyar ce a kife a rana, an wanke ta tas, tana shan iska.

Hansatu, matar ɗan marigayiya, ita ta yi wannan aikin, tana ma faɗa da alfahari. Wai tun da safe wani tsami ya cika ɗakin, ga baƙi za su cika gida, sai ta juye abin a kwata ta dirje tukunyar da soso da sabulu, in ta bushe a zuba ruwan sha. Hajjo ta dubi bakin kwatar. Wani farin sawu ne kawai ya rage a kan siminti, kaji na tsattsaga.

Ta zauna a ƙasa, ba tabarma, ta fashe da kukan da ba ta yi ba ko a mutuwar mijinta. Mata suka kewaye ta suna ba ta haƙuri, suna cewa Allah sarki, zaman shekara arba'in ba wasa ba, dubi yadda suke ƙaunar juna. Ita kanta Hajjo da za a tsare ta a ce wa take yi wa kuka, Balkissa ko Humaira ko mahaifiyarta ko bakinta da ya ce tana da tata, ba za ta iya rarrabewa ba.

Lahadi da la'asar Zeinabou ta yi sallama ta shigo, ido a kumbure, ta zauna a bakin tabarma. Ta ce gobe sadakar uku, unguwa duka za ta zo, har Junaid ya ɗaga tafiyarsa, kuma kowa ya san abin da za a nema a gidan mai masa. An jiƙa shinkafa tun safe, tana nan a zaure, ba wanda zai soya sai Inna Hajjo. Hajjo ta ce to, ai dole. A ranta kuwa ta ce yau ake yinta, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jama'a za su taru da sunan Balkissa su ci yis ɗin kanti, kowa ya tauna ya ce sannu Inna.

Sai Zeinabou ta fito da wani abu daga ƙarƙashin mayafi ta ajiye a gabanta. Ɗan farin kwano ne, bakinsa ya ɓantare, an rufe shi da ƙaramin faifai. Hajjo ba ta buƙaci ta ɗaga shi ta duba gindin ba, amma ta ɗaga. Ɗigon jan fenti uku, sun koɗe.

"Ta ce in kin zo ran Juma'a in ba ki," in ji Zeinabou. "Kin zo mutane sun cika, kafin in juya kin fita. Sai ta ce in sa shi a gindin randa inda ke da sanyi. Da rasuwar nan na manta shaf, sai ɗazu."

Hajjo ta mayar da kwanon kan tabarma.

Zeinabou ta ci gaba, tana jan zaren tabarma. Ta ce ita dai tun tana makaranta, tun dawowarsu daga Kusiri, kowace Juma'a da safe sai mahaifiyarta ta ɗebi ludayi guda daga tukunya ta zuba a kwanon nan, ta rufe, ta ajiye a kan turmi a gindin katangar su Hajjo. Ya wuni a nan cikin inuwa. In la'asar ta yi sai ta ɗauke ta mayar cikin tukunya ta wanke kwanon. Ko ranar da za ta tafi Makka sai da ta bar wa maƙwabciyar baya wannan sallahu.

"In na tambaye ta sai ta ce na Yaya Hajjo ne, ko za ta aiko."

"Tun yaushe ta sani?" in ji Hajjo, muryarta a dushe.

"Sanin me, Inna?"

Hajjo ta dubi fuskar yarinyar da kyau. Ba ta san komai ba. Shekara goma sha bakwai Balkissa na shaƙar wainar yis daga taku biyar, tana da abin da za ta faɗa sau ɗaya a kasuwa ta gama da Hajjo har abada, ga dariyar gada da ba a rama ba, amma ko 'yar cikinta ba ta faɗa wa ba. Wani abu mai zafi ya taso wa Hajjo, tsohon abin nan da ta sani, bai mutu ba don mai shi ta mutu.

"Matar nan," ta ce, tana girgiza kai. "Ko a nan ma sai da ta fi ni."

Zeinabou ba ta gane ba, ta ɗauka yabo ne, ta ce Allah ya jiƙanta. Hajjo ta ce amin.

Da ta tafi, Hajjo ta ɗaga faifan. Wani ruwa mai toka-toka ya kwanta a sama, gefen ya bushe ya tsage, warin ya yi kaifi har yana hawa ido. Kwana biyu da wuni ba ci, cikin wannan zafi. Ko da rai ko babu, Allah kaɗai ya sani. Ta tsiyaye ruwan, ta kankare busasshen, abin da ya rage bai fi cokali uku ba.

Ta kai shinkafar inji kafin magariba, ta dawo ta dama da talge a babbar tukunyarta, ta juye cokali ukun nan a ciki, ta ɗauraye kwanon da ɗan ruwa ta ƙara, don kada ko ɗigo ya tafi a banza. Sannan ta miƙa hannu kan kanta ta ɗauko gwangwanin shayi. Rabin cokali ya isa, ba wanda zai gani. In ba ta sa ba kuma abin nan ya mutu, gobe mutum ɗari za su zauna a ƙofar gidan Balkissa, ita kuwa ta fito musu da kullu kwance kamar kunu, a ce Hajjo ta tsufa, ko a ce baƙin ciki ne ya sa ta ɓata sadakar maƙwabciya. Ta buɗe murfin, ta daɗe tana kallon 'yar ledar. Sai ta rufe, ta mayar inda ta ɗauko, ta naɗe tukunyar da buhu.

Da ta idar da sallar asuba ba ta tsaya lazimi ba. Gari ya fara haske, ta can bayan katanga ana jin ƙarar jan benci da kakkaɓar tabarmi. Ta durƙusa gaban tukunyar, gwiwoyinta na ƙara. Mahaifiyarta ta koya mata ba a fara buɗewa, kunne ake fara sawa, don kullu mai rai ba ya yin shiru. Ta ture ɗankwali ta manna kunnenta a jikin faifan. Da fari bugun zuciyarta kawai take ji. Sai can ƙasa ta jiyo shi, siriri, tsis-tsis, kamar yayyafi a kan yashi.

Ta ɗaga faifan. Kullun ya hau har wuyan tukunya, fuskarsa duk ƙananan idanu, suna buɗewa suna rufewa. Ƙanshin ya bugo ta, na ɗakin mahaifiyarta, na rumfar da ke taku biyar da tata.

Hajjo ta ɗauko ɗan farin kwanon, ta goge shi da gefen zane. Ludayin farko a cikinsa ta zuba. Ta rufe da ƙaramin faifan, ta taka turmi ta ɗora shi a kan katanga, ta ɗan tura shi ya fi kusa da wancan gefen. Sannan ta sauko ta jawo kujera, ta sunkuya tana hura gawayi.